Neman taimako: wane faɗi ya dace da taswirar cunkoson tsingaro?

Assalamu alaikum, masana. Ina da maki 1,840 na wuraren da aka samu tsingaro daga ramin haƙar kayan tarihi mai mita 20 da 15, kowanne da lambobin wurinsa. Ina lissafin cunkoso da umarnin density.ppp na spatstat, kunshin nazarin maki a cikin manhajar lissafi ta R, amma zaɓen sigma, wato faɗin da ake baza kowane maki da shi a taswirar, ya gagare ni.

Na gwada hanyoyi biyu da ke zaɓen sigma da kansu. Da bw.diggle sai ya ba ni kusan mita 0.3, taswirar ta fito ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Da bw.scott kuwa komai ya narke ya zama dunƙule guda, har murhu biyun da ido ke gani suka ɓace. Zargina shi ne tukunya ɗaya ta fashe gida arba'in a wuri guda, lissafin yana ɗaukar kowane gutsure a matsayin abu mai zaman kansa, shi ya sa faɗin ke ƙanƙancewa.

Shin in haɗa gutsattsarin da suka dace da juna su zama maki ɗaya, ko in sa nauyinsu na giram a weights, inda ake ba kowane maki nauyinsa a lissafin? Sannan shingen ƙasar da ba a haƙa ba a tsakiyar ramin, in cire shi daga owin, wato iyakar filin da ake lissafi a kansa, kafin gyaran gefe (gyaran ƙiyasin da ke kusa da iyakar) da diggle=TRUE?

Na gode.