Musayar Waƙa: Kyarketan Yellowstone

Mai Buɗe Fili:
Salamu alaikum jama'a. Amsa-amon yau "ci" ne, batunmu kuwa kyarketan da Amurka ta mayar gandun dajin Yellowstone. Bismillah.

A 1926 aka kashe na ƙarshe,
Gandu ya wayi gari babu kyarkeci.
Barewar elk ta yaɗu babu mai kora,
Tsiron bakin rafi ta mai da shi abinci.
A 1995 aka nufi Kanada,
An kwaso 14 a wancan lokaci.
Da shekara ta kewayo aka ƙaro 17,
To wa ya sha zuma, wa ya sha maɗaci?

Ɗan Maharba:
Malam, ni bakin maharba zan ara,
Ba wanda ya ji a jika irin mafarauci.
Garken elk na arewa a da ya kai 19,000,
A 2013 ko 4,000 sai da sassauci.
Aka rage izinin harbi, kasuwa ta mutu,
Mai yi wa baƙi jagora ya shiga ƙunci.

'Yar Gandu:
Haba Yaya, laifin tudu ka taka naka,
Ɗora wa kyarkeci duka ai zalunci.
Akwai fari, akwai beyar mai cin 'ya'ya,
Bindigarku ma ta yi nata ganganci.
A wasu kwaruruka itace ya farfaɗo,
Hankaka da mikiya sun samu abinci.
Ga 'yan kallo da madubin hangen nesa,
Tun asuba suna kawo kasuwanci.

Baban Garke:
'Yata, kin yi waƙa, amma da saura,
Dabba ba ta san shinge ba balle hukunci.
Ta fito gandu ta faɗa wa maraƙi,
Mai kallo na tafi, mai shanu na baƙin ciki...
Af, na karya amsa-amo, ku yi haƙuri,
Zafin asara ne ya jawo sakaci.
An ce da diyya, amma sai an ga mushe,
An tabbatar haƙorin na kyarkeci.
Wanda aka cinye har ƙashi a tsauni fa?
Wa zai je shaida, ina adalci?

Ɗan Maharba:
Baba, ai a 2011 majalisar Amurka ta cire wa kyarkeci kariya,
Jihohin Montana da Idaho an sakar wa mafarauci.

Baban Garke:
Na ji, ɗana. Sai ga jihar Colorado a 2020,
Ƙuri'ar birni ta kawo wa ƙauye kyarkeci.