Younis Mahmoud: gwarzo ne ko sa'a ce?

Baban Khalifa: Wallahi yaran yanzu ba su san ƙwallo ba. Na ce Younis Mahmoud na Iraƙi gwarzo ne, suka bushe da dariya wai ko sunansa ba su taɓa ji ba. Mutumin da ya ɗaura kambun kyaftin a 2007, ƙasarsa na cikin yaƙi, bama-bamai na tashi a Bagadaza, ya sa kai ya ci Saudiyya 1-0 a wasan ƙarshe a Jakarta, Iraƙi ta ɗauki Kofin Asiya karon farko!

Ɗan Madrid: Yaya, "gwarzo" fa ka ce? A wace ƙungiya ta Turai ya buga? A Al-Gharafa ta Ƙatar ya yi suna. Wanda bai taka Champions League ba sai dai a ce ya iya.

Alhaji Mai Atamfa: Kuma hukumar ƙwallon Asiya Yasser Al-Qahtani na Saudiyya ta ba gwarzon 2007. Kalmar tana da mai ita.

Baban Khalifa: Alhaji, wanda aka doke a wasan ƙarshe shi aka ba kyauta, ba ka ga son kai ba? Younis ne gwarzon gasar, ƙwallo 4 ya ci, har cikin jerin Ballon d'Or na shekarar ya shiga.

Alhaji Mai Atamfa: Shiga jeri ba ɗauka ba ne, ɗana. Ku daina taɓa Saudiyya.

Malam Na Tasha: In ma gwarzo ake nema a Iraƙi, Ahmed Radhi ne. Shi ya ci Beljiyam a Kofin Duniya na 1986 a Meziko. Allah ya jiƙansa, korona ta ɗauke shi a 2020. Younis ko ƙofar Kofin Duniya bai leƙa ba.

Ɗan Madrid: Amma Beljiyam ta ci Iraƙi 2-1 a wasan ai.

Ɗan Barca: Kai da kake ta kiran Turai, ka fara bayanin 5-0 da Barca ta ci Madrid a 2010 tukuna.

Ɗan Madrid: Kofi 15 gare mu a Turai. Ku nawa?

Maman Iman: Don Allah, ba zancen Iraƙi ake ba?

Ɗan Barca: Anti, shi ya tsokano.

Baban Khalifa: Hawar Mulla Mohammed ne ya bugo kwanar da aka ci Saudiyya da ita, ku je ku kalla ku ga yadda Younis ya tashi sama...

Ɗan Madrid: To ashe mai kwanar ne gwarzon.

Alhaji Mai Atamfa: Tunda ni ne babba bari in rufe. Kowa ya yarda Younis ya iya ƙwallo da ka, amma ƙwallo ɗaya ba ta mai da mutum gwarzo. Saudiyya na da Kofin Asiya 3, Iraƙi 1. An gama.

Baban Khalifa: Wa ya yarda, Alhaji? Ni ban yarda ba.