Ina ake samun tsofaffin kaset ɗin fim da araha a Legas?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin kaset ɗin bidiyo, na Hausa da na Indiya, amma masu sayarwa a intanet sun tsawwala kuɗi. Ina mafita?

Baban Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗana. Leƙa kasuwannin Idumota da Alaba, ka tambayi tsofaffin dillalai ko akwai kwantai a sito. Yi ciniki kwali guda, kada ka nuna wanda ranka ke so, nan take farashi zai tashi. Ka duba ta tagar kaset ɗin: in ka ga farar funfuna a zaren, bar shi ko kyauta ne. Damshin Legas ke jawo ta, kuma takan ɓata na'ura.

'Yar Obalende: Malam, gwada 'yan gwangwan. A wurinsu na fi samun sauƙi.