Shawarwari ga mai son shiga ƙungiyar masu tsofaffin motoci a Amurka

A wata tattaunawa da masu sha'awar tsofaffin motoci suka yi, shawarar da ta fi rinjaye ita ce mutum ya shiga ƙungiya tun kafin ya sayi mota. Babbar ƙungiyarsu, Antique Automobile Club of America, wadda aka kafa a 1935, ba ta sharɗanta mallakar mota ba, sai dai rassanta na garuruwa kan buƙaci a fara yin rajista da uwar ƙungiya. Duk motar da ta cika shekara 25 tana iya shiga baje kolin motoci na ƙungiyar.

Dattawan cikinsu sun fi daɗewa a kan batun saye. Sun ce kada ƙyallin fenti ya ruɗi sabon shiga. Ya tafi da wanda ya san kan mota, su leƙa ƙarƙashinta da tocila, domin tsatsar da ta ci ƙashin mota ta fi lalacewar inji tsadar gyara nesa ba kusa ba. Sun kuma ja kunne game da fetur mai haɗin etanol (wani sinadarin barasa), wanda ke cinye tsofaffin tiyo na roba, ya kuma toshe kafireta idan mota ta daɗe a ajiye, shi ya sa fita yawon ayari da ƙungiya ke shiryawa yake da amfani ga motar kanta.

An yi saɓani kan canza kayan asali da na zamani, kuma a ganina masu cewa a bar mota yadda kamfani ya ƙera ta sun fi hujja, tunda alƙalan gasa a kan haka suke ba da maki. Mai neman kayan gyara kuwa, an nuna masa kasuwar Hershey ta jihar Pennsylvania, wadda ke ci kowane Oktoba.