An ce in zama wakiliyar APSA a makarantarmu, in karɓa?

'YarAjiBiyu:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta 2 a shirin MD-PhD a nan Amurka, wato karatun likita haɗe da digirin digirgir. Wanda ke wakiltar makarantarmu a APSA, ƙungiyar ɗalibai masu son haɗa duba marasa lafiya da bincike, zai koma asibiti. Jiya ya tare ni a bakin lifta, wai ni ya hango in gaje shi. Na ce zan yi shawara. Jarrabawar Step 1, matakin farko na jarrabawar neman lasisin likita a Amurka, saura wata 4, ko lab ɗin da zan zauna, wato ɗakin bincike, ban tsayar ba. Yayyena da suka taɓa yi, me aikin ya ƙunsa?

MaiƁeraye:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara 2 na yi a kujerar. A takarda ba wani aiki ba ne: saƙo ya zo daga uwar ƙungiya ki isar, ki tuna wa mutane babban taron da ake yi a Shikago duk Afrilu tare da ASCI da AAP, ƙungiyoyin manyan likitoci masu bincike, kar wa'adin tura bincike da neman kuɗin tafiya ya wuce su.

Inda gizo ke saƙar shi ne tara mutane. Karatun nan kusan shekara 8 ne, 2 a aji, 4 a lab, 2 a asibiti, kafin ki ankara kowa ya kama gabansa. Taron farko da na kira, ɗaki mai kujera 40 na kama, mutum 3 suka zo. Ɗaya ma sai duba agogo yake, wai ƙwayoyin halittar da yake reno na jiran a canja musu ruwa. Ranar kamar in nutse. Daga nan na rage imel, na koma bin mutane lab-lab da ƙafa.

Kin san me ya cika ɗakin daga baya? Wata 'yar shekara ta 6 a shirin ce ta yarda ta haska mana takardarta ta neman tallafin F30, kuɗin karatu da bincike da NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ke ba ɗalibai irinmu, har da sukar da masu tantancewa suka yi mata a karon farko, layi-layi. Wasu a tsaye suka saurara.

Dakta_Anti:
Ni dai ƙanwata, ban da bana. Kar ki ce ai tun Janairun 2022 an daina ba da maki a Step 1, ci ko faɗuwa ne kawai. Faɗuwar tana nan a takardarki ranar neman horon ƙwarewa. Kujerar nan ta 'yan lab ce, su ke iya tsara lokacinsu. Wanda ke asibiti tun asuba ba zai iya ba, shi ya sa mutumin naki ke neman sauke kaya.

Amfaninta kuwa ba na musu. A Shikago na haɗu da farfesar da na ƙarasa horo a hannunta, a gaban fostar da na baje bincikena a kai ta tsaya tana yi mini tambayoyi har na rasa ta cewa.

MaiƁeraye:
Gaskiyar Anti ce. Ki ce ya riƙe har ki rubuta jarrabawa, ya kuma bar miki jerin sunayen ɗalibai da na malaman da ke amsa gayyata. Ni ba a bar mini komai ba.

'YarAjiBiyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira shi yanzu, ya yarda zai riƙe zuwa Yuni. Jerin sunayen kuwa ya ce yana tsohuwar kwamfutarsa, zai nemo.