Shawarwari Kan Rage Shan Mai a Tsofaffin Manyan Motocin A-kori-kura

Masu tsofaffin Ford F-150 da Chevrolet Silverado a Amurka sun yi ittifaƙi cewa injin mai silinda 8 ba zai daina shan mai ba, amma ƙafar direba ce ke da babban tasiri, domin da zarar gudu ya haura kilomita 80 a sa'a, iskar da ke dukan faffaɗan gaban motar takan sa tanki ya yi saurin ƙarewa. Sun ba da shawarar duba iskar taya tun da safe, da sauya fulogin da ya yi baƙi, da guje wa manyan tayoyin ado. Batun sauke murfin bayan bodi yayin tafiya kuwa, wanda wasu suka dage cewa yana rage shan mai, gwaji ya nuna ba ya rage komai.