Tambaya kan girman bayanai tsakanin ATmega328P da STM32F0

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masana. A nan Maradi nake rubuta manhajar na'urar da ke sarrafa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, inda ƙaramar kwamfutar sarrafawa (microcontroller) ATmega328P ke aika ma'aunai zuwa wata irinta, STM32F0, ta UART (hanyar aika bayanai tsakanin na'urori). Da yake int (nau'in lamba a manhaja) bit 16 ne a ta farko, 32 a ta biyu, na mayar da komai uint16_t da uint32_t (nau'o'in lamba masu tsayayyen girma), amma girman struct ɗin (tsarin da ke haɗa ma'aunan wuri ɗaya) ya ci gaba da bambanta saboda giɓin da ake cusawa a ɓangaren STM32F0 mai tsarin ARM. Da na sa packed (umarnin cire giɓin) kuma, karatu ta pointer (manunin adireshi) ya jawo HardFault (kuskuren da ke katse aikin manhajar), domin Cortex-M0 da ke cikin STM32F0 ba ya karɓar adireshin da bai daidaita ba. Don Allah, memcpy (aikin kwafe bayanai) ya fi dacewa, ko in riƙa harhaɗa bayit ɗaya-ɗaya?